Yadda Hulunan Kawu Suka Shiga Intanet

Kawuna yana sayar da huluna a kasuwar Sabon Garin Zariya tun ina ƙaramin yaro. Shagon ba wani babba ba ne, amma in ka ɗaga kai sai ka ga huluna jere har rufi: Zanna Bukar, ƙube, damanga, tangaran, 'yar Bama, da dara ja a gefe guda don masu sarauta da masu jar hula. Mafi yawansu aikin hannu ne. Wasu matan cikin birni ne ke ɗinka su a gidajensu, daga Kwarbai zuwa Limancin Kona, yara su kawo, a haɗa, a kai wa masu wanki su sa sitati su buge. Sauran daga Maiduguri suke zuwa.

Wahalar takardun kuɗi ta farkon 2023, lokacin da aka sauya fasalin naira, ita ta koya wa Kawu karɓar taransifa. Daga nan wayarsa ta zama shago na biyu. Wanda ya taɓa saye sai ya ba abokinsa lamba, abokin ya ba wani, har ya zama bayan sallar isha'i Kawu na zaune a zaure yana tura hotuna ɗaya bayan ɗaya ga mutanen Abuja da Legas da bai taɓa gani ba. Ni kuma na gama karatun kwamfuta a kwalejin Nuhu Bamalli, ina zaman jiran aiki. Mahaifiyata ce ta ce, "Kai da ka iya latse-latsen nan, je ka rage wa kawunka wahala." Umarni ne, ba shawara ba.

Zaɓen inda za a kafa shagon bai ci mana lokaci ba. WhatsApp Business na da kundin kaya tun 2019, yana ɗaukar kaya har 500, kuma mun fara da shi. Sai dai ba ya barin mai saye ya tace huluna da awon kansa, alhali awo shi ne rabin cinikin hula. Shopify, manhajar kafa shago a intanet, da dala ake biyan sa duk wata, Kawu ko sauraron ƙarshen maganar bai yi ba. Muka tsaya a kan takwaransa WooCommerce, wanda kyauta ne, kuɗin sunan shafi da na wurin ajiye shi a intanet kawai za ka biya a shekara. Kafa shi aikin yini ne. Abin da ya ɗauki watanni shi ne shafin hula guda ɗaya: me za a sa a kai, me zai fara zuwa, me za a bari.

Kafin in taɓa kwamfuta sai na koma zaman shago, ina kallon masu saye. Abin mamaki, kusan duk hanya ɗaya suke bi. Mutum zai nuna hula daga nesa, a sauko masa da ita. Zai juya ta a hannu, ya leƙa cikinta, ya kai babban yatsa ya shafa ɗinkin. Sai ya cire tasa ya ɗora wannan, ya ɗan danna ta gaba, ya karɓi madubi. In ta zauna, sai ya cire ya kara ta a jikin hannun rigarsa, ko ya fito da ƙyallen shadda daga aljihu ya gwada launi. Bayan duk wannan ne zai ce, "Nawa?" Da dare kuma na karɓi wayar Kawu, da izininsa, na bi tsofaffin saƙonni. Tambayoyin su ne dai na cikin shago, sai ƙari biyu da nisa ya haifar: yaya za ta iso ni, kuma in ba ta yi mini ba fa?

Da na gaya wa Kawu abin da na gani sai ya yi dariya. "To ai shi ya sa nake ce maka cinikin biri a sama za ka sa mutane su yi. Wa zai sayi hular da bai ɗora a kansa ba?"

Na ce, "Kawu, ai suna saye a wayarku tun tuni. Ni dai so nake shafin ya riƙa ba su amsar da kuke ba su, ku kuma ku samu barci."

Hoto muka fara da shi, kuma a nan aka fi shan wahala. Ƙwan lantarkin shago yana sauya launi: hula ruwan madara sai ta fito ruwan ƙwai, ruwan hanta ta koma baƙa. Rana tsaka kuma tana cinye zanen, komai ya yi fari fat. Abin da ya yi mana shi ne inuwar barandar gida da hantsi, kafin rana ta take. Na sayi farin kwali babba, na lanƙwasa shi rabi a kan tebur rabi a jikin bango don kada layin kusurwa ya fito, na ari icen da masu wanki ke ɗora hula a kai domin ta tsaya da siffarta. Lokacin hunturu hasken ya fi kyau, don hazo na tausasa shi, amma kafin ka ɗauki huluna goma ƙura ta kwanta a kwalin, sai ka yi ta karkaɗewa. Waya ɗaya muka tsayar don ɗaukar hoto, kuma ba a taɓa launi da manhajar gyara. Ƙara wa hula kyau a hoto bashi ne, ranar da ta isa hannun mai ita za ka biya.

Kowace hula hoto shida take samu, a jeren da hannun mai saye ke bi. Na farko daga gefe, yadda ake hango ta a kan mutum. Na biyu daga sama, don zanen saman hula shi ne abin da na bayanka a sahu yake gani. Na uku kusa ƙwarai, har ka ƙirga zare. Na huɗu cikinta. Wannan Kawu ne ya nace a kansa, kuma shi ne hoton da ya fi kowane aiki. Kasuwa ta cika da hulunan inji masu arha da ake shigowa da su, waɗanda daga nesa ba ka bambanta su da aikin hannu. A ciki ake gane su. Na inji layinsa a miƙe yake sak, ko'ina iri ɗaya. Na hannu za ka ga ƙananan ƙulli inda zare ya ƙare aka ɗaura wani, da 'yar karkata nan da can inda mai ɗinki ta ajiye ta tashi girki ta dawo. Wanda ya san hula, wannan hoton kaɗai ya ishe shi, ba ya buƙatar rantsuwa. Na biyar a kan mutum, ƙanena ne ke ba da aron kansa, fuska a juye. Na shida hular a kan ƙyallayen shadda uku ko huɗu da suka dace da ita. Wani tela maƙwabcinmu ne ya tara mini ragowar yankan gezna a leda, fara, ruwan toka, ruwan ƙasa, sararin samaniya, muka liƙa su a kwali. Tun da aka fara sa wannan hoton tambayar "za ta hau da ruwan toka?" ta ragu sosai.

Sai nauyin hotunan. Hoto guda daga wayar zamani yakan kai megabait uku zuwa huɗu. Shida a shafi ɗaya sun kai sha takwas zuwa ashirin da huɗu, ga shi a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100. Mutum ba zai ƙone datarsa don ya kalli hula ba. Google ma ta fitar da wani bincike a 2016 da ya nuna kashi 53 cikin 100 na masu shiga shafi ta waya suna ficewa in ya wuce daƙiƙa uku bai buɗe ba. Na riƙa rage faɗin kowane hoto zuwa digo 1,200, in mayar da shi tsarin WebP da wata manhaja ta kyauta mai suna Squoosh, sai ya dawo ƙasa da kilobait 200 ba tare da zaren ya dushe ba. Gwajin da na fi yarda da shi ba na kwamfuta ba ne. Tsohuwar wayar yaron shago nake karɓa, in shiga can tsakiyar kasuwa inda rufin kwano ke danne sabis, in buɗe shafin. In ya buɗe a can, zai buɗe ko'ina.

Awo ya zo da tasa rigimar. A shago ba wanda ke tambayar lamba, gwadawa ake yi. A waya kuwa sai ka ce wa mutum "nawa ne awon kanka?" ya ce "daidai misali." Huluna da inci ake auna su, manya galibi daga 21 zuwa 24, da rabi-rabi a tsakani, kuma rabin inci shi ne bambancin hular da ta zauna da wadda ke sa ciwon kai kafin a idar da huɗuba. Muka ɗauki ɗan gajeren bidiyo, Kawu da tef ɗin tela yana zagaya kan ƙanena, saman gira kaɗan, saman kunne, ba a matse ba. Wanda ba shi da tef ya zagaya igiya ko wayar caja, ya shimfiɗa a kan rula. Na sa santimita kusa da inci, inci ɗaya santimita 2.54, saboda masu saye daga Nijar da Turai. Tsayin hula ma muna rubutawa, don matasa sun fi son gajera, dattawa doguwa wadda za a karya. Wannan bidiyon a ƙarƙashin awo yake a kowane shafi, ba a wani ɗaki daban da sai an nema ba.

Rubutun bayani ban bar shi ya yi tsawo ba. Na ga shagunan intanet da yawa suna cika shafi da "mai inganci, ta zamani, ta manyan mutane," kalmomin da za ka ɗora wa takalmi ko katifa su zauna daidai. Namu ga yadda yake fita:

Zanna Bukar, aikin hannu, ɗinkin Zariya. Lamba Z-114. Awo inci 22 da rabi, santimita 57. Tsayi inci 4 da rabi. Jiki ruwan madara, zare ruwan ƙasa da ɗigon ruwan goro. An wanke, an buge, sai sawa. Guda ɗaya ce. ₦18,000.

A ƙasa akwai irinsa da Turanci, domin masu saye daga Ibadan da Fatakwal da Landan ba su da kaɗan. In hula na da wani ɗan aibi, kamar zare ya ɗan yi duhu a gefe ɗaya, muna faɗa, mu ɗauki wurin a hoto, mu rage kuɗi. Ba su daɗewa ba a saye su ba.

Wancan adadin na ƙarshen layi shi ya kusa raba ni da Kawu.

"A fili za ka rubuta? Kowa ya gani, har 'yan layinmu?"

"Kawu, in babu kuɗi a rubuce, mutum zai ɗauka ta fi ƙarfinsa ya wuce, ko ya ɗauka za a duba hotonsa a yanka masa farashi."

"Kai yaro ne. Ciniki ai baki ne. Mutum ya taya, ka ce albarka, ya ƙara, ka sallama, a rabu ana dariya. In na rubuta dubu goma sha takwas, mai iya ba da ashirin ya tafi da dubu biyuna. Mai sha bakwai kuma ya wuce ko sallama bai yi ba."

Lissafinsa ba ƙarya a ciki, kuma har yau ina ganin akwai abin da ake rasawa in aka cire tayi daga ciniki. Da yawa daga amintattun abokan cinikinsa a wurin ja-in-ja aka saba. Amma na nuna masa saƙonnin wayarsa: mutum zai tambayi kuɗi da hantsi, Kawu na tare da masu saye, sai bayan la'asar ya amsa, lokacin wancan ya riga ya saya a wani wuri. A ƙarshe muka yi sulhu. Kuɗin da ke shafi shi ne kuɗin sallamawa na gaskiya, ba na buɗe baki ba. Wanda ya ɗauki uku zuwa sama, kamar abokan ango, shafin da kansa zai yi masa ragi. Sannan a ƙarƙashin maɓallin "Saya yanzu" akwai na biyu, "Yi magana da mai shago," wanda ke buɗe WhatsApp da saƙo a rubuce tun da farko, ɗauke da lambar hular. Mai son tayi ya taya a can. Kawu na ganin Z-114 ya san wadda ake nufi, ba sai an yi ta "wacce, mai ja-jan nan?" ba. Abin da ban zata ba, yawancin masu danna maɓalli na biyu ba ragi suke nema ba. So suke su ji muryar mutum kafin su tura kuɗi.

Wannan ya sa na ƙara abubuwan da ke nuna akwai shago na gaske a bayan shafin. Mun yi rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, lambar na ƙasan kowane shafi, tare da kwatancen layin da shagon yake da hoton Kawu a zaune a cikinsa. Masu saye kan turo saƙon murya ko hotonsu ranar Juma'a sanye da hular. Sai mun nemi izini a rubuce kafin mu ɗora, kuma ba ma sa cikakken suna ko lambar waya, sunan gari kawai. Ko ba don dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ba, ba kowane magidanci ke son fuskarsa a tallan hula ba.

Wajen biya, na cire duk abin da ba dole ba. Ba ma neman mutum ya buɗe asusu, ko ya sa sunan kamfani, ko lambar gidan waya. Wa ya haddace lambar gidan wayarsu? Na bar suna, lambar waya, gari, da wani babban fili mai suna "kwatance," inda mutum zai rubuta bayan masallacin kaza, gida mai baƙin get. Mun haɗa da Paystack, kamfanin karɓar kuɗi ta intanet, wanda a lokacin da muka yi rajista yake cire kashi 1.5 cikin 100 da ƙarin naira 100, ba ya wuce naira 2,000. A hular dubu goma sha takwas naira 370 ke nan. Kawu ya ɗan ɓata rai, amma da ya ga ba sauran zaman tantance hoton rasit ko fargabar alat na bogi, tunda tsarin da kansa ke tabbatar da shigar kuɗi, sai ya daina ambaton ta.

Kuɗin aikawa a shafin hular muke nuna shi, kusa da farashi, ba a matakin ƙarshe ba. Cibiyar Baymard, wadda ke nazarin shagunan intanet, ta daɗe tana nuna kusan kashi 70 cikin 100 na masu zuba kaya a kwando ba sa kammala saye, kuma babban dalilin masu fasawa shi ne ƙarin kuɗin da ke fitowa daga baya. Mu dai mun raba shi gida-gida: cikin Zariya ɗan acaba ko mai Keke Napep, Kaduna, Kano, Funtuwa da Abuja a ba direba a tashar Kwangila, a turo wa mai kaya lambar direba da ta mota, kudu da ƙasashen waje ta kamfanonin aika saƙo. Kowanne da kuɗinsa da kwanakin da yakan ɗauka. Har hoton yadda ake naɗe ta muka sa: a cusa takarda a ciki, a sa a leda, a sa a kwali mai tauri, don hular da aka buge in buhun masara ya hau kanta a but sai an sake kai ta wanki.

Batun mayarwa ya fi wa Kawu nauyi, don a rasit ɗin shago an daɗe da buga cewa kayan da aka saya ba a dawo da su. Na gaya masa dokar tarayya ta kare masu saye, wadda aka sa wa hannu a farkon 2019, ta ba mutum damar mayar da kayan da bai samu dubawa ba kafin a kawo masa, in suka saɓa da yadda aka kwatanta. Muka rubuta namu a layi biyu: in launi ko awo ya saɓa da abin da ke shafi, kuɗin dawowa a kanmu, in mai saye ne ya auna ba daidai ba, za a canza masa, shi ya biya mota. Sharaɗi ɗaya Kawu ya ƙara da bakinsa, na rubuta yadda ya faɗa: gwadawa daban, zuwa ɗaurin aure da ita daban. Man gashi ba ya ɓuya a bakin hula.

Akwai matsalar da masu sayar da kayan kamfani ba su sani ba. Hular hannu guda ɗaya ce a duniya; wadda ke shafi ita ce dai a rataye a shago, kuma wani na iya shigowa ya saye ta yayin da wani a Legas ke shirin biya. Maganin da muka samu na takarda ne. Kowace hula akwai 'yar takarda mai gam a cikinta da lambarta. In an sayar a shago, yaron shago zai ɓare takardar ya liƙa a littafi, ya turo mini lambar nan take, in sauke ta. Ba na goge shafin. Ina barin hoton da rubutun "an sayar," da maɓallin "a ɗinka mini irinta," tare da gargaɗin cewa za ta ɗauki makonni kuma ba za ta zo sak ba. Wannan maɓallin yanzu shi ke kawo wa matan cikin birni aikin da aka riga aka ba da kafin alƙalami, musamman daga tsakiyar Sha'aban, lokacin da masu dabara ke fara shirin ƙaramar salla.

Yanzu Kawu ya matsa sai an ɗora manyan riguna, don akwai masu ɗinkin aska biyu da aska takwas a cikin birni da yake hulɗa da su. Tsarin hula ba zai yi musu ba. Babbar riga ba ta zama a kan tebur. Sai an baza ta a jikin bango, a sami mai tsayi ya sa ta ya naɗe hannuwan a kafaɗa, a ɗauki bidiyo yana tafiya don a ga yadda take zuba. Awonta ya haɗa da tsayi daga kafaɗa da faɗi daga hannu zuwa hannu, ga 'yar ciki da wando, ga nauyinta da ke sauya kuɗin aikawa, kuma kuɗinta ya kai inda ba mai turawa sai an yi kiran bidiyo ya ga aikin wuya da aljihu da idonsa. Na riga na auna bangon zauren gidanmu, faɗinsa ya isa, saura farin yadi da za a rufe shi da shi.